Abin da Magagari Ya Ci

Kunne ba ya zama ya fuskanci titi. Tun da na san shi, bencinsa bango yake kallo, bayansa ga masu wucewa, silinda a matse tsakanin gwiwoyinsa, magagari a hannu. Amma babu keke mai inji da zai gifta layinmu bai faɗi mai shi ba. "Mai burodi ke nan, fuloginsa ya gaji." Can an jima, "Ga malamin makaranta, ya sake zabga mai a fetur." Ba ya waiwayawa ya ga ko ya canka. Mu ne muke waiwayawa. Daga nan sunan ya bi shi, har matarsa, in ranta ya ɓaci, da shi take kiransa.

Ubansu mai gyaran keke ne, na faci da ɗaurin sarƙa, kuma a cikin warin roba da sholisho Kunne ya yi wayo. Yana saurayi ƙananan injunan nan suka shigo gari, waɗanda ake ɗaura wa keke a tsakiya, a gauraya musu fetur da mai a tanki ɗaya. A kwali suke zuwa, kamarsu ɗaya, ciwonsu ɗaya: a miƙaƙƙiyar hanya su yi ta rawar kai, da sun hangi tudu sai tari. Wasu masu gyara suka ɗora laifin a kan kafireto, wasu a kan salansa. Shi kuwa ya kwance silinda, ya ɗaga ta saitin rana, ya leƙa.

A cikin silinda akwai tagogi. Ta wata mai yake shiga, ta wata hayaƙi yake fita, fistin yana hawa yana sauka, yana buɗe su yana rufewa. Masu ƙera su sauri suke yi, sai su bar bakin tagogin da kaushi, wata a karkace, wata da guntun ƙarfe a maƙale kamar ƙaya a maƙogwaro. Kunne ya ce injin nan ba rago ba ne, numfashi aka hana shi. Ya ɗauki magagari. Bai sake ajiye shi ba har kansa ya yi fari.

Yana da hanyarsa. In ka kawo masa keke, ba ya tambayarka me ya same shi. Tambayarsa biyu ce: me kake ɗauka, ina kake bi? Sannan ya naɗe farar takarda ya zura cikin silinda, ya danne ta da yatsa, ya goga fensir a hankali har siffar tagogin ta fito a jikinta. A kan wannan takarda yake jan jan layi a saman tagar hayaƙi. Wannan layi shi ne iyaka. In ka ci leɓen tagar ya wuce shi, injin zai ƙara gudu da ihu, amma ƙarfinsa ya tafi, ko buhu ɗaya ba zai ja a tudu ba. Takardun suna nan a wani tsohon akwatin ƙarfe a ƙarƙashin benci, kowace da sana'ar mai ita a rubuce. Dokokinsa kuma biyu ne, duk wanda ya taɓa zama a shagon ya haddace su. Ka taɓa abu ɗaya, ka tayar, ka saurara, sannan ka taɓa na biyu. Kuma abin da magagari ya ci ba ya amayarwa.

A ƙarshen layinmu akwai hawa, ya miƙe har gindin tankin ruwa. Ba shi da tsawo can, amma mugu ne. Da lallami yake farawa, sai an kai tsakiya ya tashi tsaye. Shi ne alƙalin kowane inji a unguwar. In ka ga mutum da kaya ya haye bai taka feda ba, ba sai ka tambaya ba, hannun Kunne ne.

Yana da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, shekara goma sha huɗu tsakaninsu. Auta ake ce masa. Da ubansu ya rasu Kunne ne ya riƙe shi, ya koya masa yadda ake riƙe magagari kafin ya iya riƙe bakinsa. Shekara ashirin suna benci ɗaya. Sannan Auta, furfura ta fara leƙo masa a gemu, ya ce yana so ya tsaya da ƙafarsa. Cikin dukan shagunan garin, wanda ya samu shi ne mai kallon na yayansa, titi kawai ya raba su. Kunne ya sa masa albarka, ya ba shi magagarai biyu daga cikin nasa, ya faɗa wa kowa ya ji daɗi. Ya faɗa sau da yawa har muka fara kallon juna.

Auta ya sayi ɗan injin gurza mai lantarki, bai fi alƙalami mai kauri ba, mai kuka kamar sauro ya sami lasifika. Abin da Kunne yake yi a kwana huɗu, shi kafin azahar ya gama. Samari masu son a ji wucewarsu duk suka koma can. Daga safe zuwa yamma kukan injin nan yana tsallako titi yana dukan bayan Kunne.

"Ƙarfe ba a yi masa tsawa," in ji shi. "Lallashinsa ake yi."

Tela, wanda shagonsa ke manne da nasa, bakinsa kuma ya fi allurarsa tsini, sai ya ce, "To ga masu tsawa can layi ya cika musu."

"Nasa su yi ta ihu. Nawa hawa suke yi."

Da wannan yake kwana, da shi yake tashi. Masu kaya ba su bar shi ba. Cikinsu kuwa babu kamar mai ƙanƙara.

Mai ƙanƙara abokinsa ne tun suna da gashi baƙi. Kullum da hantsi yana ɗauko ƙanƙara shida manya daga inda ake yin ta, a lulluɓe da buhu, ya kai wa masu kifi da masu sayar da ruwan sanyi da ke bayan tanki. In injinsa ya tsaya a hawa, kayansa a kan titi suke ƙarewa. Shekara huɗu kafin abin da zan faɗa, Kunne ya zauna ya yi masa silinda. Kwana tara ya yi a kanta. Ya ce bai taɓa yin irinta ba, kuma don kada ta zauna ita kaɗai a duniya, ya yi mata 'yar'uwa da takarda ɗaya, ya ɗaura a kan baƙin keken ubansu da yake hawa. Tagwaye yake ce musu. Tun daga nan ba a sake buɗe ko ɗaya ba. Mai ƙanƙara ba ya iya rabuwa da keke na yini guda, shi kuma Kunne wanzami ne, ba ya son jarfa.

A 'yan watannin ƙarshe Kunne ya ji muryar keken abokinsa ta soma shaƙewa. Ya ji, bai ce komai ba. A wurinsa mai gyara ba ya kiran mai keke, mai keke ne yake zuwa. Yana cikin jira sai idonsa na dama, da ya daɗe da yin yana, ya kai inda ba ya ganin jan layi. Aka yi masa aiki. Shagon ya kwana bakwai a rufe.

Ranar da ya dawo, da baƙin tabarau a fuska, ya share benci ya zauna ya ba titi baya. Mai burodi ya wuce, ya faɗe shi. Malamin makaranta ya wuce, ya faɗe shi. Sai wata murya ta taso daga ƙasan layi.

Ni ba makaniki ba ne, amma na ji ta. Ba ihu ba ce. Murya ce cikakkiya, mai kauri daga ƙasa, tas daga sama, kowane bugu daidai da ɗan'uwansa, kamar ruwan sama na farko a kan kwano sabo. Tana tafe ba ta gaggawa. Magagari ya tsaya a hannun Kunne. Muka jira ya faɗi mai ita. Bai faɗa ba. A karo na farko tun da na san shi, ya waiwaya.

Mai ƙanƙara ne, da buhunansa suna ɗiga. Ya ɗaga wa Auta hannu a tsallake, sannan ya taka birki a bakin shagon abokinsa.

"Mutumina! Sannu da jiki. Ido ya buɗe?"

"Ya buɗe. Har ya ga abin da bai nema ba."

"Ai da ba ka nan ne keken ya ƙi hawa, shi ne na…"

"Na ji. Kunnena ba a yi masa aiki ba. Wuce, kayanka na zuba."

Mai ƙanƙara ya dube shi, ya dubi ruwan da ke taruwa a ƙarƙashin taya, ya ja totur. Muka ji shi ya shiga hawa. Muryar ba ta canza ba, ƙara zurfi kawai ta yi, har ta ɓace a bayan tanki.

"Maƙwabci," in ji tela, zare a haƙori, "ka ji abu! Ashe yaron nan ya iya."

"Ɗinka rigarka."

"Ɗan hakin da ka raina…"

"Idon ma an riga an tsone shi, ƙarasa karin maganarka a gida."

Da la'asar Auta ya tsallako, yana goge hannu da tsumma. Ya tsaya daga bakin ƙofa kamar yadda ya saba tun yana ƙarami.

"Yaya, ya ƙarfin jiki? Akwai maganar keken mai ƙanƙara da nake so in yi maka."

"Ka yi aiki, an ji, gari ya shaida. Tafi kake so in yi maka?"

"Ba haka ba ne, Yaya. Da na buɗe…"

"Wa ya ce ka buɗe? Tsallaka tun mota ba ta zo ba."

Auta ya san yayansa. Ya san in ya kai nan, magana ƙara masa wuta take yi. Ya sunkuyar da kai ya koma.

A gida matarsa ta ajiye masa abinci, ta dawo ta tarar da shi yadda ta bar shi.

"Baban yara, abincin ne ya yi maka laifi?"

"Ba na jin yunwa."

"Matar tela ta ba ni labari. Ƙanenka ne fa. In ya iya, wa ya koya masa?"

Ya ture kwanon gefe. Sannan ya ce, "Wannan ban koya masa ba."

Nan ciwon yake. Da samari ne suka ƙaru a tsallake, da sauƙi. Amma Auta ya sa hannu a silindar kwana tara, ya sami wani abu a cikinta da mai ita bai gani ba, kuma da injin sauro ya same shi. Kullum hantsi muryar tana zuwa, kullum magagari yana tsayawa. Sai ka ga wuyan Kunne ya sandare, kunnensa yana bin ta har saman hawa kamar mai raka abin da aka ƙwace masa. Ya ciro takardar tagwaye daga akwati ya shimfiɗa a gwiwa. Ya ɗaga tagar hayaƙi ne da kaurin gashi? Ya faɗaɗa ta ne? Ya karkata tagogin gefe? Minti goma sun ishe shi ya buɗe keken abokinsa ya gani da idonsa. Amma sai ya roƙa, kuma a tsallake za a ga ya roƙa.

Ranar ta biyar ya jawo baƙin keken ubansu cikin shago ya kwance silindar.

Kunkunniyar hayaƙi ta yi mata kauri a taga kamar ɓawon itace. Ya kankare ta tas. A nan ya kamata ya tsaya, ya mayar, ya tayar, ya saurara. Dokarsa ce. Amma idonsa sabo ne, yana ganin kowane zane a jikin ƙarfe kamar yana ɗan shekara talatin, kuma a tsallake sauro yana ta kuka. Ya ɗauki magagari ya shafi leɓen tagar sau goma sha biyu. Ya mayar da tsohon ringin fistin da ya sha shekara huɗu yana gogar bangon silinda, bai ko dube shi ba. Ya tayar.

Muryar ta washe, ta yi kaifi. Amma kaurin nan na ƙasa babu.

"Saura kaɗan," in ji shi.

Washegari ya sake kwancewa. Wanshekare ma haka. Garin ƙarfe yana zubo masa a kan wando yana ƙyalli. Kowace rana yana zura takarda ya goga fensir, kowace rana baƙin fensir yana matsawa kusa da jan layi. Tela ya leƙo, wannan karon ba dariya a bakinsa.

"Maƙwabci, ni tela ne, amma na san in almakashi ya wuce, ba a ɗinke shi da addu'a."

"Da ka san haka da rigunan mutane ba sa fitowa da hannu ɗaya gajere."

Ranar ta huɗu da fara aikin, fensir ya taɓa layin. Kunne ya zauna yana kallonsa. Na tabbata ya ji dokarsa a kunnensa, da muryarsa. Sai mai ƙanƙara ya wuce, muryar ta cika layi, wani daga cikin samarin tsallake ya yi fito ya ce, "Aikin Auta ke nan!" Magagari ya koma cikin taga.

Da ya tayar da yammacin nan, injin ya yi wani irin ihu da ba mu taɓa ji daga shagon ba. Ya hau ya zaga layi. Keken yana tsaga iska, rigarsa ta kumbura a baya. Samarin Auta suka miƙe tsaye suna tafi. Auta shi kaɗai ne bai tafa ba. Ya saki abin da ke hannunsa, ya bi keken da kallo kamar wanda ya ga yaro a bakin rijiya. Kunne ya dawo fuskarsa tana sheƙi. Bai bi ta hawa ba.

Da hantsi ya fito da keken ya tsaya a bakin titi, inji yana kunne. Mai ƙanƙara ya iso da kayansa shida. Kunne ya bari ya wuce, ya ba shi tazara, sannan ya murɗa totur. Kafin ƙarshen layi ya shige shi kamar a tsaye yake, ko kallonsa bai yi ba. Duk layin muka fito.

Farkon hawa gudun da ya ɗauko ya kai shi. Da aka zo inda hanyar take tashi tsaye, sai ihun ya fara sirancewa. Ya murɗa totur har ƙarshe. Injin ya yi kamar mai jan numfashi ta tsinke, babu kaya a bayansa sai tsoho ɗaya maras nauyi, amma ya kasa. Keken ya soma layi. Muna kallo daga ƙasa ƙafar Kunne ta nemi feda.

Ya taka. Mutumin da shekara talatin ake gane aikinsa da rashin taka feda, ya tashi tsaye a kan keken ubansa yana takawa, baƙin tabarau yana zame masa a hanci. Daga baya muryar nan ta taho, ba gaggawa, ba haki. Ta zo daidai da shi, ta wuce, ta bar masa ɗigon ruwa a jere a kan kwalta. Injinsa ya mutu. Ya sauka ya tura.

Tela ya juya. Ya koma ciki ya zauna, bai taka kekensa na ɗinki ba sai can da rana.

Da azahar mai ƙanƙara ya dawo da buhuna a bushe. Kunne yana zaune, yau fuskarsa ga titi. Ya ɗaga masa hannu.

"Kawo shi nan. In ga abin da aka yi wa silindar."

"Tun ranar farko nake so in…"

"Kawo dai."

Ya kwance a hankali, injin da sauran zafi. Ya ɗaga silindar saitin rana. Ya naɗe takarda ya zura, ya goga fensir. Sannan ya ciro tsohuwar takardar tagwaye ya ɗora sabuwar a kanta, ya ɗaga su biyu ga haske.

Layi ya hau kan layi. Taga ta hau kan taga. Ko kaurin gashi babu bambanci. Ya zura yatsa ya shafa leɓen tagar hayaƙi, ya ji sawun magagarinsa, mai ɗan karkata hagu kamar yadda hannunsa yake yi, babu wani sawu a kansa.

"Da tsinken itace na kankare ta, Yaya."

Auta ne a bakin ƙofa. Ba wanda ya ga tsallakowarsa.

"Kunkunniya ce ta toshe rabin tagar, ringi kuma ya cinye. Na kankare, na sa sabon ringi, shi ke nan. Wallahi na kunna injin gurza, da na leƙa na ga aikin sai na kashe shi. Ina zan sa hannu a nan?"

Kunne bai ɗago ba. Idonsa yana kan takardun.

"Muryar nan…"

"Taka ce. Haka take ranar da ka gama ta. Ina tsaye a bayanka, ka ce in yi shiru in ji."

Shekara huɗu tagwayen suna shaƙewa kaɗan-kaɗan, kullum da kaurin numfashi, kunnensa yana tsufa tare da su, har ya manta yadda suke kuka suna sababbi. Da muryar ta dawo bai gane ta ba, don ta fito daga tsallaken titi.

Mai ƙanƙara ya dubi baƙin keken da ke jingine. "To naka fa, mutumina? Ba a mayar da shi yadda yake?"

Duk mun san dokar.

"To me ya sa ba ka faɗa mini ba?" in ji Kunne, ga ƙanensa.

"Na zo, Yaya. Ka ce in tsallaka tun mota ba ta zo ba."

"Kai kuma sai ka tsallaka? Tun yaushe ka fara jin magana?"

Daga shagon tela aka ji dariya ta kubce. Auta ma ya juya fuska ga bango, kafaɗunsa suna motsi. Kunne bai yi dariya ba. Ya mayar wa mai ƙanƙara silindarsa da hannunsa, ya ɗaure kowane noti a hankali, ya goge ta da gefen rigarsa, abin da ban taɓa ganin ya yi wa ƙarfe ba.

Kwana biyu bayan haka Auta ya kawo masa sabuwar silinda a kwalinta, ya ajiye a kan benci ya koma. Kunne ya bar ta nan har ƙura ta rufe kwalin, sannan wata safiya ya buɗe. Ya shimfiɗa takardar tagwaye ya fara. Ba kwana tara ya yi ba, wata biyu ya yi. Idon ya gyaru amma hannun ya soma rawa, in ya yi shafa goma sai ya huta. Da ya gama, keken ya hau tudu ba feda. Mu muka ce ta yi. Shi ya saurara, ya girgiza kai, ya ce ba ita ba ce. Ba mu ji bambancin ba, amma mu ba Kunne ba ne.

Wadda ya ɓata ba ta tafi bola ba. Tana nan a kan benci, a tsaye, a cikinta yake zuba magagarai. In baƙo ya tambaya sai ya ce wani wawa ne ya kawo ta a haka, kuma bai ƙara zuwa ba.

Matarsa ta ce mini har yanzu in hantsi ya yi ba a yi masa magana. Wata rana ta kawo masa abinci ta tarar da shi a sandare, kunne a titi.

"Kunne, yanzu kuma kishin wa kake yi? An ce aikinka ne."

"Aikin wancan ne."

"Wane wancan?"

"Wanda ya zauna a bencin nan shekarun baya, hannunsa ba ya rawa. Ya yi guda biyu, ya bar ni da sauraro."

Ta ajiye kwanon ta ce Allah ya ba shi lafiya, ita dai miji ɗaya ta sani, kuma shi ma ya ishe ta.

Shi da Auta yanzu suna gaisawa daga tsallake, wani lokaci ma akan aiko a ari sifana. Mai ƙanƙara yana nan yana wucewa, buhunansa suna ɗiga. Jiya ina zaune a shagon ya taho. Magagari ya tsaya. Muryar ta cika layi, ta shiga hawa, ta yi zurfi, ta ɓace a bayan tanki. Kunne ya daɗe da ido a rufe. Sannan ya buɗe, ya hura garin ƙarfe daga taga, ya ɗaga murya yadda za ta tsallaka titi.

"Ringin da aka sa mata dai ba mai kyau ba ne."